Bogu na farko: yadda ake awo da irin ɗinkin da ya dace

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Sensei, malaminmu na kendo (wasan takobin gora na Japan), ya ce lokaci ya yi da zan fara sa bogu, wato kayan kariyar jiki. Babu shago kusa, don haka ta intanet zan yi oda daga Japan, kuma fom ɗinsu na neman awo da yawa. Ga abin da na samu da na auna kaina a gaban madubi: tsawo santimita 184, zagayen fuska daga haɓa zuwa saman kai 72, zagayen kai ta goshi 58, tsawon hannu 20.5, ƙugu 84. Suna da saiti mai ɗinkin milimita 3, da mai 6, da wani wai shi jissengata, samfurin 'yan gasa. Mai 3 ɗin ya fi tsada, ya kuma fi kyan gani, kuɗina zai kai idan na matsa. Me kuke gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Sadiq. Allah ya sa albarka. Zan riƙa rubuta sunayen kayan da babban baƙi, Men (kariyar kai da fuska), Kote (safar hannu), Do (kariyar ƙirji da ciki), Tare (kariyar ƙugu), don kada Tare ta rikice da kalmarmu ta Hausa.

Kafin a zo maganar ɗinki, kada ka tura wannan 72 ɗin. Mutum ba ya auna kansa don Men. Da zarar ka ɗaga hannu biyu ka riƙe tef a saman kai, haɓarka za ta sauka, baki ya ɗan buɗe, tef ya zame baya zuwa tsakar ka, sai ka ga santimita 2 ko 3 sun shiga awon ba ka sani ba. Ga mai zagayen kai 58, lamba 72 ta yi yawa, sai fa in doguwar fuska gare ka ƙwarai.

Ga yadda za ka yi. Nemi tef ɗin tela mai laushi, ka kuma nemi wani ya auna ka, zai fi kyau ɗan dojo, wato wurin atisayenku, wanda ya daɗe yana sa bogu. Zauna a miƙe, ka dubi gaba sosai, haƙora a haɗe. Ya ɗora tef a ƙarƙashin tsinin haɓa, ya hau da shi ta gaban kunne, ya ratsa saman kai, ya sauko ta gaban ɗaya kunnen. Ya ja har tef ɗin ya kwantar da gashi ya kama fata, amma kada ya nutse a kumatu. A yi sau uku, ana cire tef gaba ɗaya tsakanin kowane awo. In biyu sun zo ɗaya, shi ne naka. Abu ɗaya kuma: shaguna sun sha bamban kan daidai inda tef zai ratsa a saman kai, da kuma ko a auna da tenugui, ƙyallen da ake ɗaurawa a kai ƙarƙashin Men, ko babu. Zanen shagon da za ka saya a wurinsa shi za ka bi. Kada ka ɗauki lambar da aka auna da zanen wani shago ka kai wa wani.

Awon da ka bari a baya shi ne na monomi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Ragar ƙarfen da ke gaban Men, wato mengane, sanduna 14 ne a kwance a na manya. Tsakanin na 6 da na 7 in ka ƙirga daga sama akwai tazara da ta fi sauran faɗi, ita ce monomi, kuma ta nan idonka zai riƙa kallo. Ana auna ta daga tsakiyar ido zuwa ƙarƙashin haɓa, a tsaye, da rula, kada a bi lanƙwasar fuska. In aka kuskure ta, sanda za ta tsaya maka a gaban ido. Mutum ba ya jure haka, sai ya riƙa ɗaga haɓa ko ya dunƙufar da kai don ya gani. Wanda ya ɗaga haɓa ya buɗe maƙogwaro ga tsuki, wato suka da tsinin takobi, wanda ya sunkuya kuma sara zai riƙa sauka masa a tsakar ka inda babu ƙarfe. Tsayuwar da ka yi wata shida kana gyarawa, Men ɗaya da bai zauna ba ya isa ya lalata ta.

Sadiq:
Na gode Malam. To in ya ɗan yi girma fa? Na ji ana sa masa ɗan matashi a ciki.

Malam Habu:
Ana sa wa, a haɓa ko a saman kai, amma gyaran santimita 1 ne. Ya wuce haka, ka mayar musu. Matashin haɓa yana tura fuskarka sama, na saman kai yana tura ta ƙasa, kowanne yana gusar da ido daga monomi. Men da ya yi girma yana juyawa a kai idan aka buga shi daga gefe, kuma tsuki na iya tura shi sama har haɓa ta zame daga mazauninta. Wanda ya yi ƙanƙanta kuma goshi ba ya kaiwa matashin sama, ƙeya ta fito waje, muƙamuƙi ya riƙa ciwo bayan minti goma. Sabon Men ya kamata ya kama ka sosai, har ka ji buɗe baki na yi maka wuya, domin zoben ciki, uchiwa, zai kwanta da gumi cikin 'yan makonni.

Yaya Ladi:
Bari in ƙara abin da fom ɗin ba ya tambaya, alhali ya shafe mu. Tsarin Men na yau da kullum an yanka shi ne bisa siffar kan mutanen Japan, wanda ya fi faɗi ta gefe, ƙeya kuma a shafe. Da yawa daga cikinmu kanmu ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Sakamakon haka zagayen fuska zai yi daidai, amma katifar Men ba za ta kai ƙarshen ƙeya ba, sai ka ga bayan kai ya leƙo da yatsa biyu ko uku. Nan ne shinai, takobin gora, ke lanƙwasowa ya sauka idan dogo ya sare ka, nan ne kuma ke fara taɓa ƙasa idan ka faɗi ta baya. Saboda haka, ƙanena, ka sa a ɗauke ka hoto biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, da rula a jikin fuska, ka tura musu, ka ce su duba zurfin katifar. Shagon da ke ɗinka wa mutanen waje ya san wannan matsalar.

Sai gashi. A auna mutum da irin kan da zai riƙa atisaye da shi. Mai aski ƙwal yau, mai suma bayan wata biyu, awonsu ba ɗaya ba ne. Ga mata abin ya fi yawa: kitso shuku da kitson da aka kwantar baya suna iya bambanta da fiye da santimita 1. Shuku ma bai dace da Men ba sam, domin tudun yana zama daidai inda sara ke sauka. A yi ƙananan kitso a kwance zuwa baya, jelar ta taru ƙasa da inda igiya ke ɗaurewa. Wadda za ta sa siririn hijabi na wasanni ƙarƙashin tenugui, a auna ta da shi a kai, kuma ya kasance mara fil ko allura ko guda. Mai cikakken gemu shi ma a ja tef ya kwantar da gemun. Mai tabarau ya faɗa musu tun farko, domin hannun tabarau na yau da kullum yana lanƙwashewa a cikin Men ya ci gefen ido. Akwai na kendo masu ɗaurin roba.

Ɗanjuma:
Duk wannan gaskiya ne, amma ba a amsa masa tambayarsa ba. Sadiq, kada ka sayi mai milimita 3. Lambar nan tazara ce tsakanin layin ɗinki da layin ɗinki. Katifar, wato futon, auduga ce da matsattsen ulu aka jera tsakanin yadi biyu aka bi da keke. Duk wanda ya taɓa lifidin dokin sarki ya san abin da ke tare duka: kaurin abin da aka cusa ne da iskar da ke cikinsa. In ka matso da layukan ɗinki kusa da juna, ka matse audugar ta zama kamar allo, siririya mai tauri. Ido zai so ta, ba ta saurin gogewa, tana riƙe siffa. Amma ƙarfin sara yana ratsa ta kai tsaye ya isa ƙashi.

Ka tuna da waɗanda za su riƙa dukanka a shekarar farko: sababbi irinka, masu sara da ƙarfin hannun dama, waɗanda ba su iya tsayar da shinai da tenouchi, wato matsewar tafin hannu, ba tukuna. Za ka tsaya musu motodachi, wato mai karɓar sara, su yi atisayen kirikaeshi da uchikomi a kanka sau ɗari a dare ɗaya. Milimita 5 zuwa 8 shi ne naka. Mai 6 ɗin da ka gani ya yi.

Sadiq:
To me ya sa mai 3 ya fi tsada, Yaya Ɗanjuma?

Ɗanjuma:
Layukan sun ninka, aikin keke ya ninka, kuma sau da yawa a kan wannan saitin suke sa fata mai kyau da ado a ƙirjin Do. Kuɗin aiki da ado kake biya. An daɗe ana ɗaukar matsattsen ɗinkin keke a matsayin na manya saboda yana kama da ɗinkin hannu a ido, amma aikinsu ya bambanta. Ɗinkin hannu, tezashi, da bu ake auna shi, bu 1 kusan milimita 3 ne, za ka ga 1.5 ko 2.0. Mai allura yana soka ɗigo ɗigo ne, tsakanin ɗigo da ɗigo auduga na nan a kumbure, shi ya sa yake da laushi ko da ya matsu. Keke kuwa layi yake ja ba yankewa. Tezashi ba na farko ba ne, kuɗinsa ya ninka sau da yawa, kuma ba ka san irin abin da jikinka ke so ba tukuna.

Baban Hanifa:
Ɗanjuma, na yarda da kai, amma kada Sadiq ya ɗauka lambar ita ce komai. Akwai mai milimita 6 na araha da aka cika da abu kamar soso. Ranar farko laushi kamar fulo, bayan wata takwas ya lafe ya zama tsumma, musamman a saman Men da Kote na dama. Araha ba ta ado. Tsawon kowane taku na allura shi ma yana da tasiri: in takun dogo ne, wanda suke kira pitch-zashi, katifar na fin kumbura ko da tazarar layi ɗaya ce. Tunda ba zai taɓa da hannu ba, ya rubuta musu tambaya uku: me ke cikin futon, kaurinsa milimita nawa ne a saman Men, kuma saitin na atisayen yau da kullum ne ko na gasa. Shagon kirki zai amsa. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, a bar shi.

Ɗanjuma:
Haka ne Baba. Wannan gyara ne mai kyau.

Nasiru:
Ni ban ga laifin jissengata ba. Ba shi da nauyi, kafaɗa na sakewa, Kote na lanƙwasa tun ranar farko. Ga wanda ke atisaye a ƙasa mai zafi, rage nauyi da kauri ba ƙaramin abu ba ne. Me zai sa a ɗora wa sabon shiga kaya masu nauyi?

Yaya Ladi:
Nasiru, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sauƙin nan daga ina ya fito? An rage cikon katifa, an gajarta fukafukan Men da ke sauka kan kafaɗa, an yanke hannun Kote. An yi shi ne don ɗan gasa da zai yi minti huɗu ko biyar da ƙwararre irinsa. Abin ya kai har Hukumar Kendo ta Japan ta gyara ƙa'ida a 2019: katifar Men dole ta yi tsawon da zai kare gaɓar kafaɗa, hannun Kote dole ya rufe fiye da rabin tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, kuma yankan da ake yi wa bakin Kote ta ciki kada bambancin dogon gefe da gajeren ya wuce santimita 2.5. Kare lafiya na cikin dalilan kafa dokar. Sadiq santimita 184 ne. Dogon hannu gare shi, faɗin kafaɗa gare shi. Gajeren Kote da ya rufe rabin hannun mai tsawo 165 ba zai rufe nasa ba.

Nasiru:
Na karɓi maganar tsawon, Yaya. Amma yanzu kusan kowane shago na rubuta jissengata a kan kayansa, har da masu kauri. Kalmar ta zama ta talla. Kada ya gudu don ya ga sunan kawai, ya duba awon.

Malam Habu:
A nan kun haɗu. Ya bar suna ya tambayi lamba: tsawon fukafukin Men, da tsawon hannun Kote. Ya auna nasa hannun daga wuyan hannu zuwa tsinin gwiwa ta gefen ƙaramin yatsa, ya raba biyu, ya ƙara santimita 2 ko 3. In Kote ɗinsu bai kai haka ba, ya nemi a tsawaita masa.

Baban Hanifa:
Tunda an zo Kote, bari in tsaya a kansa, domin shi ne ke fara mutuwa a cikin kayan huɗu, shi ne kuma ke gyara riƙo ko ya ɓata shi.

Sadiq, awo ɗaya ka kawo, ana bukatar uku. Na farko tsawo, daga layin da ke wuyan hannu ta ciki zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, hannu a buɗe. Na biyu zagayen tafi ta kan gaɓoɓin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Na uku zagayen hannu a inda ya fi kauri kusa da gwiwa. Ka auna hagu da dama duka, ka tura wanda ya fi girma. Ka kuma ɗora hannu a kan farar takarda wani ya zagaye shi da biro a tsaye, ka ajiye rula a gefe, ka ɗauki hoto daga sama. Dalili shi ne masu dogayen yatsu da siririn tafi ba sa shiga jadawalin S, M, L: in ka bi tsawo tafin ya yi maka yawa, in ka bi faɗi yatsu su tokare.

Yadda za ka gane ya yi: sa Kote ka riƙe shinai a kamae, wato tsayuwar shirin sara. Yatsu su kusa kaiwa ƙarshe, da ɗan sarari kamar rabin santimita. Babban yatsa shi ne abin lura. In yana tokarar ƙarshen aljihunsa, ranar da tsuba (zoben da ke kare hannu a jikin shinai) ko shinai ya buge shi farce zai tashi. In kuma Kote ya yi yawa, fatar tafi na tattarewa a ƙarƙashin yatsu, tattarar nan ce ke kawo bororo, ita ce kuma ke fara hujewa. Sannan mutum ba ya jin tsuka, wato mariƙin shinai, sosai, sai ya ƙara matsewa da hannun dama, wanda shi ne ainihin abin da sensei ke hana ka.

Igiyar Kote kada ka tsuke ta. Hannun Kote bututu ne, ana son iska tsakaninsa da fatarka, yatsa biyu su shiga ta baki. Wanda ya ɗaure shi tam kamar safa, duk sara a ƙashinsa yake ƙarewa. Wajen sawa hagu ake farawa, wajen cirewa dama. Kada ka cire ta hanyar jan dunƙulen, ka kama bututun ka zare. Jan dunƙule ne ke kashe wuyan Kote ya saki.

Sadiq:
Baba, fatar fa? Sun rubuta barewa, saniya, Clarino, orizashi. Kuma ina so in tabbata babu fatar alade a ciki.

Baban Hanifa:
Tambaya ce mai kyau. Abin da aka saba a bogu shi ne fatar barewa, fatar saniya, da fatar roba irin su Clarino. Orizashi ba fata ba ce, saƙaƙƙen yadin auduga ne irin na rigar kendo. Inda za ka lura shi ne tsuba: akwai na ado da ake yi da fatar aladen daji. Na roba da ke zuwa da shinai babu ruwansa da wannan. Duk da haka rubuta musu ka tambaya, layi ɗaya ne.

Game da zaɓi, fatar barewa da aka yi wa hayaƙi ita ce ta fi daɗi a tafi, tana jiƙewa da gumi ta bushe ba ta ƙandare ba. Fatar saniya a dunƙulen Kote ba ta shan iska, tana tauri ta tsage. Ga mai atisaye cikin zafi, orizashi a waje da tafin roba mai ƙananan huji ya fi sauƙin riƙo: yana bushewa da wuri, ana iya wanke shi da hannu a ruwan sanyi. Idan tafi ya fara hujewa kada a jira ramin ya kai girman kwabo, domin yatsa na iya leƙowa shinai ya same shi. Baduku mai hannu zai iya yin faci in ka kai masa fata mai laushi ka nuna masa ya bi ramukan ɗinkin da ke nan. Canza tafin gaba ɗaya kuwa aikin masu bogu ne.

Ɗanjuma:
Do da Tare ba sa bukatar dogon zance. Do na roba ya ishe ka shekaru. In ka ga an rubuta 50 a kan na roba, zanen gora 50 ne aka kwaikwaya ta ciki. Na gora na gaske, mai fatar saniya da fentin urushi, yana da nauyi da tsada, kuma busasshiyar iska irin ta hunturu na iya tsaga fentin. Kuɗin da za ka sa a nan ka mayar da shi kan Men da Kote.

Awonsa: tsawonka, zagayen ƙirji, zagayen ciki ta cibiya. Ka tuna a kan riga da hakama (wandon kendo) da ɗamarar Tare zai zauna. In ka sa, yatsa biyu su shiga tsakanin gefen Do da haƙarƙari ta kowane ɓangare. In ya manne, sara zai ratsa. In ya yi faɗi, gwiwar hannu za ta riƙa karo da shi a kamae. Ga dogo irinka matsalar tsayi ce: ka saukar da shi ya rufe ɗamarar Tare, sai sarari ya buɗe tsakanin ƙirjin Do da haɓar Men. Ka ɗaga shi, sai ciki ya buɗe. Ka faɗa musu 184 ɗin da babbar murya, su ba ka mai tsayi.

Tare kuwa manyan fukafukai 3 ne da ƙanana 2. Ɗamarar ta rufe ƙasusuwan ƙugu biyu na gaba ta ɗan wuce. Mata su ba da awon kwankwaso, kada su tsaya a na ciki. A fukafukin tsakiya ake sa zekken mai sunanka da na dojo, ka yi odarsa lokaci guda don kada ka biya kuɗin jigila sau biyu, amma ka tambayi sensei yadda ake rubuta na dojonku.

Umar:
Maganar jigila. Akwatin bogu ba shi da nauyi sosai, amma ƙato ne saboda Do da Men ba sa naɗewa. Kamfanonin jirgi da girman akwati suke caji idan ya fi nauyin: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Akwati mai 50 da 45 da 40 ya zama kilo 18 ke nan a lissafinsu. Ka nemi jimillar kuɗi har ƙofa kafin ka biya, ka kuma ware na kwastan. Ƙananan abubuwa su shigo cikin akwatin nan: tenugui 3, igiyar Men ta ajiya, chichikawa (madaukan fata da ake ɗaura igiya a kansu) na ajiya, jakar bogu. Shinai dogo ne, yawanci daban ake aiko shi. Naka lamba 39 ne, tsawo kada ya wuce santimita 120, nauyi kada ya gaza giram 510. Na mata giram 440.

Ka karanta sharaɗin mayarwa. Wanda aka ɗinka bisa awonka galibi ba a karɓarsa in kuskuren daga lambarka ne, shi ya sa maganar Malam ta awo sau uku take da nauyi.

Nasiru:
In kuɗi ya yi ƙaranci, na hannu fa? Dojo da yawa na da tsofaffi a ajiye.

Malam Habu:
Do da Tare na hannu babu laifi, a duba tsaga a Do da madaukan igiya kawai. Kote na hannu yawanci tafinsa ya ƙare. Men shi ne abin tsoro. Ya riga ya ɗauki siffar fuskar wani, kuma lalacewarsa ba ta fitowa a hoto. In dole ne, a danna saman katifar da babban yatsa daidai bayan ƙarfe: in ka ji babu abin da ke turo yatsanka, ta mutu. A girgiza mengane a ji ko yana motsi a cikin fatar da ta zagaye shi. A duba sanduna ko akwai wadda ta lanƙwashe har tazara ta buɗe, domin tsinin shinai na iya shiga. A kama haɓar Men, tsuki-dare, a lanƙwasa: in tana lilo, a ajiye shi. Yaro kuma kada a saya masa babban Men wai zai girma a ciki. A ara masa daidai kansa har ya girma.

Yaya Ladi:
Idan kaya sun iso, kada ka cire takarda ko ka jiƙa komai sai sensei ya gani a jikinka. Bayan nan sai ɗaurin igiyar Men. Mai shaku 7, kusan santimita 210, ita ake ɗaurawa a sanda ta 4 ko ta 5 daga ƙasa. Mai shaku 8 ta masu fara ɗaurin daga saman mengane ce. Ka bi yadda dojonku ke yi. Ƙullin ya zauna a ƙeya daidai tsayin ido. In ya sauka wuya, Men zai zame gaba. Bayan ƙulli, madaukai da jela su daidaita, kada su wuce santimita 40.

Wannan kuma kada ka manta da shi ko sau ɗaya: bayan ka ɗaure, sa yatsu ta bayan kunne ka ɗan buɗe katifar waje. In ta manne da kunne ta toshe shi, sara ɗaya a gefe na iya matse iska ya fasa dodon kunne.

Shuni zai zuba. Rinin baba ne irin wanda muka sani a marina, zai bar maka shuɗi a kumatu, wuya da hannu na wasu makonni, kada ka ɗauka jabu ne. Sabuwar igiya a jiƙa ta a ja ta ta miƙe kafin a fara amfani. Bayan kowane atisaye ka fito da komai daga jaka, ka goge cikin Men da ɗanyen tsumma, ka miƙar da tafin Kote da yatsu tun yana da laima, ka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana ƙandarar da fata ta kashe launi. Da damina, dare biyu a rufaffiyar jaka ya isa fumfuna ta kama uchiwa.

Sadiq:
Na dawo. Wani senpai, na gaba da ni a dojo, ya auna ni da zanen shagon, sau uku: 69.5, 69, 69. Monomi 12.5. Hannun dama tsawo 20.5, zagayen tafi 21.5. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa 29. Jadawalinsu na da Men 68 da 70 a shirye, ko kuma a ɗinka bisa awo a jira wasu makonni. Zan ɗauki mai milimita 6, orizashi.

Malam Habu:
Ka ga santimita 3 da ta so shiga. Kada ka ɗauki 70, kada kuma ka matsa kanka a 68. Jira a ɗinka 69 da monomi 12.5, ka haɗa da hoton gefe da Yaya Ladi ta ce saboda ƙeya. Hannun Kote ka ce kada ya gaza santimita 17 ta dogon gefe. Kafin ka danna biya, tura wa sensei fom ɗin ya duba, ka kuma tambaye shi ko za ka ari Men na dojo har naka ya iso.

Baban Hanifa:
Tafi 21.5 a kan tsawo 20.5 siririn hannu ne mai dogayen yatsu. Tura zanen takardar, ka rubuta musu cewa su bi tsawon yatsu su rage faɗin tafi.